Karatun likitan haƙori da aljihun gida: jami'ar gwamnati, ta kuɗi, ko ƙasar waje?

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, akwai tambayar da iyaye ke yi mini bayan an gama gaisawa, yara sun tashi daga wurin: "Malam, tsakani da Allah, ɗan talaka yana samun wannan karatu kuwa, ko sai mai uwa a gindin murhu?" Bana yayata ce ta zo da ita, a kan 'yarta da ta kafe sai ta zama likitar haƙori. Maigidan ya yi ritaya, abin da suka mallaka bayan gidan da suke ciki fili ne guda a bayan gari, kuma har an fara shawarar a sayar da shi a kai yarinyar Masar. Na ce mata, Yaya, a dakata da maganar fili tukuna, mu yi lissafi.

Tambayar biyu ce aka dunƙule wuri ɗaya. Ta farko, ko rashin kuɗi yana hana a ba yaro gurbi. Ta biyu, idan an ba shi, wa zai ɗauki nauyinsa har ya fito. Amsar ta farko tana da daɗin ji. A ta biyun ne gida ke jigata, kuma ita ya kamata ta yanke shawarar inda za a nufa.

A jami'o'in tarayyar Najeriya ba a tambayar albashin uba kafin a ba da gurbi. Abin da ake dubawa shi ne makin JAMB, wanda ake yi a kan 400, a darussa huɗu: Ingilishi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Sai sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit biyar, wato waɗancan huɗun da Lissafi, kuma yawancin makarantun likitanci suna so a same su a zama ɗaya. Sai jarrabawa ko tantancewar da jami'ar ke yi da kanta. Daga nan ake raba gurabe bisa tsarin da aka daɗe ana bi: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi kowa maki ko daga ina suke, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko. Waɗannan jihohi 23 ne, kuma duk jihohin Arewa 19 suna ciki. Tun 2017 kuma duk gurbin da aka bayar sai ya bi ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB, inda yaro zai ga sunansa ya danna ya karɓa.

To ka ga talauci ba ya rage wa yaro maki, amma ba ya ƙara masa ko ɗaya. Wannan na biyun shi ne abin da iyaye da yawa ba su gane ba. Ana ɗauka kason jihohin nan tallafin marasa ƙarfi ne, alhali jiharka yake kallo, ba tukunyar gidanku ba. Ɗan attajirin Gusau da ɗan mai faskare na Gusau layi ɗaya suke bi, kuma wanda ya fi maki shi zai wuce.

Inda kuɗi ke shigowa tun kafin ranar jarrabawa ne. Yaron da ya yi sakandaren da ke da ɗakin gwaji da malamin Kemistiri na dindindin, aka biya masa darasin yamma, ya saba da kwamfuta tun kafin ya zauna gabanta a cibiyar JAMB, ba ɗaya yake da wanda ya fara taɓa linzamin kwamfuta ranar jarrabawar ba. Gurabun kuma kaɗan ne ƙwarai. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon kujerun aiki da malaman da take da su, kuma adadin na haƙori ya fi na likitancin gama-gari ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Makarantun ma yawancinsu a Kudu suke: Legas, wadda ita ce ta fara a 1966, da Ibadan, Ife, Benin, Inugu, Fatakwal. A Arewa waɗanda suka daɗe suna yaye likitocin haƙori su ne Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ɗalibanta ke koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Idan gurbi ya yi ƙaranci haka, maki biyar ma yana raba mai shiga da mai komawa gida, kuma sau da yawa makin nan biyar kuɗin darasin yamma ne ya saye su.

Wannan ke nan game da shiga. Yanzu ga hanyoyin da ke gaban gida irin na yayata.

Jami'ar gwamnatin tarayya ita ce mafi sauƙi, kuma babu ma kusa. Karatun shekara shida ne ga wanda ya shiga ta JAMB, biyar ga wanda ya shiga aji biyu kai tsaye da sakamakon IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ko makamancinsa. A hukumance ba a biyan kuɗin koyarwa, abin da ake biya kuɗin rajista ne da na ɗakin gwaji da ɗakin kwana da sauransu. Gaskiya ne a 2023 jami'o'i da dama sun ninka waɗannan kuɗaɗe, kuma ɗaliban likitanci da haƙori ne suka fi jin jiki. A Legas har sai da ɗalibai suka fito zanga-zanga kafin a rage. Duk da haka ana maganar dubu ɗari da wani abu ne ko 'yan ɗaruruwan dubbai a shekara, ba miliyoyi ba.

Ga kuma rancen ɗalibai na NELFUND, wanda a ganina ya sauya lissafin gidaje da yawa. Dokar farko da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ce sai wanda abin da gidansu ke samu bai kai naira dubu 500 a shekara ba, kuma sai ya kawo masu tsaya masa. Da an tafi a haka, da ɗan ƙaramin ma'aikaci bai samu ba, ɗan talakan ƙauye kuma da bai sami mai tsaya masa ba. A Afrilun 2024 aka sake dokar, aka cire sharuɗɗan biyu, aka buɗe shafin neman rancen a watan Mayu. Yadda yake aiki: kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye ga jami'a, ɗalibi kuma yana iya neman naira dubu 20 a wata na ɗawainiya. Ba ruwa a cikinsa, abin da ya sa iyayen da ke gudun riba za su iya kwantar da hankalinsu. Ba a fara biya sai shekara biyu bayan an gama hidimar ƙasa, kuma kashi goma cikin ɗari na abin da mutum ke samu ake cira. Likitan da ya yi shekarar horon asibiti ana biyansa albashi, ya yi hidimar ƙasa, ya kama aiki, wannan bashi ba zai hana shi barci ba. Sai dai a sani, rancen na ɗaliban makarantun gwamnati ne kawai, kuma sai sunan ɗalibi ya shiga kundin jami'a kafin ya nema. Saboda haka kuɗin karɓar gurbi da rajistar farko da na mota da katifa, gida ne zai nemo su, kuma cikin gaggawa, domin wa'adin rajista ba ya jiran a sayar da amfanin gona.

Abin da jami'ar gwamnati ke ci maka shi ne lokaci. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Akwai waɗanda suka shiga da niyyar shekara shida suka fito bayan takwas. Ga yarinya kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidajenmu, domin kowace shekarar da ta ƙaru, sai surutun dangi kan maganar aure ya ƙaru. Na fi son a faɗi wannan a fili tun farko, uwa da uba su shirya amsar da za su riƙa bayarwa.

Akwai kuma kuɗin da ba ya cikin takardar rajista, kuma nan ne karatun haƙori ya sha bamban da na likitan gama-gari. Shekarun farko littafi ne da ɗakin gwaji, kusan tare ake tafiya da ɗaliban likitanci. Daga aji huɗu abin ke juyawa ya koma aikin hannu. Ɗalibi zai koyi huda haƙori da cike shi a kan kan roba kafin a bar shi ya taɓa bakin mutum, zai koyi sassaƙa kakin zuma da haɗa haƙoran roba, zai lanƙwasa waya. Kayan aikin nan da yawa shi zai saya, kusan duka daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma dala yake bi. Sannan kafin a bar shi ya zauna jarrabawar ƙarshe sai ya cika adadin ayyukan da aka gindaya masa a kan marasa lafiya na gaske: cirewa kaza, cikewa kaza, wankin haƙori kaza, haƙoran roba kaza. Mutanenmu kuwa ba sa zuwa asibitin haƙori sai ciwo ya hana su barci, kuma idan sun zo cirewa kawai suke so. Sai ka ga ɗalibi yana roƙon maƙwabci ya zo a cike masa haƙori, shi zai biya kuɗin kati da na aikin, har da kuɗin mota. Dubu ashirin ta wata ba ta ɗaukar wannan. Karatun kuma ba ya barin sararin yin wata sana'a a gefe, wanda ya faɗi jarrabawar ƙwararru sai ya sake, idan ya sake faɗuwa ya maimaita shekara, wani ma a sallame shi. Don haka nake gaya wa iyaye, ƙarfin da kuke da shi kada ku ƙarar da shi a shekarar farko wajen sayen babbar waya da akwatuna. Ku adana shi don shekara ta huɗu zuwa ta shida.

Jami'o'in jihohi da ke da wannan fanni kaɗan ne, irin su ta jihar Legas da jami'ar kimiyyar lafiya ta Ondo. Rancen NELFUND yana shafarsu, amma kuɗinsu ya fi na tarayya, kuma sukan fifita 'yan jiha a gurbi, wasu har a farashi. Ga yaron Kano ko Katsina wannan hanya ce mai wuya, sai dai idan a can iyayensa ke zaune.

Jami'ar kuɗi kuwa nan ne tambayar ko rashin kuɗi yana hana a ba yaro gurbi ke da amsar "e" kai tsaye. Ba za a rubuta cewa ba a ɗaukar talaka ba, amma gurbin ba ya zama naka sai kuɗi ya shiga asusu. Masu koyar da haƙori a cikinsu ba su da yawa, Jami'ar Afe Babalola da ke Ado-Ekiti tana cikin sanannu, kuma kuɗin shekara miliyoyi ne, yana ƙaruwa idan an shiga shekarun asibiti. Babu NELFUND. Abin da kake saya shi ne tabbacin lokaci: ba yajin aiki, shekara shida shida ce, ga kayan aiki da ƙarancin cunkoso. Wanda Allah ya hore wa, ban ga laifinsa ba. Amma sharaɗina ɗaya ne, kuɗin shekara shidan ya zama ana ganinsa tun yau, daga hanyar samu mai ɗorewa, ba daga alkawarin wani kawu ko wani ɗan siyasa ba. Yaron da kuɗi ya yanke masa a aji huɗu ya fi wanda bai shiga ba shiga uku, domin komawa jami'ar gwamnati a tsakiyar karatun likitanci abu ne mai matuƙar wuya, gurabun a ƙirge suke. Kuma ko ta gwamnati ce ko ta kuɗi, kafin a biya sisi a duba jerin makarantun da MDCN ta amince wa su koyar da haƙori. Jami'a tana iya samun izinin buɗe sashe, ta ɗauki ɗalibai, alhali amincewar da za ta ba su damar zama jarrabawar ƙarshe ba ta iso ba, sai yara su yi ta zaman jira.

Sai ƙasar waje, wadda ita ce ta fi jan hankalin mutanenmu, kuma ita na fi jin tsoro. Shekaru da dama Sudan ce mafakar 'yan Arewa: kusa, ga addini da al'ada, ga sauƙin kuɗi, ga Hausawa 'yan'uwa a can. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya watse wannan, aka kwaso ɗalibanmu ta kan iyakar Masar da ta Port Sudan, wasu suna shekarar ƙarshe, takardunsu na can a Khartoum. Shekara guda kafin nan haka ta faru da waɗanda ke Yukren. Masar tana nan, jami'o'inta irin su Alƙahira da Ain Shams da Iskandariyya da Mansura sun daɗe suna koyar da haƙori, kuma shiga ta fi sauƙi a kan gasar JAMB. Amma baƙo da dala yake biya, dubbai a kowace shekara, ban da haya da abinci da tikiti da sabunta izinin zama. Ku tuna abin da ya faru da naira. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. Bayan an saki farashin a watan Yuni, kafin 2024 ta yi nisa ta haura 1,500. Uban da ya yi lissafinsa daidai, bai yi ganganci ba, ya wayi gari kuɗin makarantar ɗansa ya ninka sau uku ba tare da makarantar ta ƙara ko kwabo ba. Filin yayata, ko an sayar da shi da daraja, naira za a ba su, kuma sau ɗaya ake sayar da fili, makaranta kuwa duk shekara take karɓa.

Bayan an dawo ma da sauran aiki. Wanda ya yi karatu a waje ba ya taɓa majinyaci a Najeriya sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN, kuma ba kowa ke ci a zama na farko ba. Wannan wasu watanni ne ko shekara na zaman gida da kuɗin rajista da na bita. Idan an haɗa, ribar lokacin da aka ce an ci ta hanyar guje wa yajin aiki tana iya narkewa a nan. Hanya ɗaya da nake goyon bayan fita waje ga mara ƙarfi ita ce cikakken tallafi a rubuce, na jiha ko na wata ƙasa, wanda ya ɗauki kuɗin makaranta da na zama. Ko shi ma a bincika tarihin mai bayarwar, domin an sha ganin ɗaliban da gwamnati ta tura suka yi watanni ba a aika musu alawus ba, musamman idan mulki ya sauya hannu.

Wasu kan tambayi Amurka, saboda sun ji ana cewa a can makaranta ba ta duba aljihu. Ga ɗan ƙasa akwai gaskiya a ciki: ana duba sakamakon digirinsa na farko da na DAT, jarrabawar shiga makarantar haƙori, sannan a yi maganar kuɗi daga baya, kuma mafi yawa da bashi suke biya. Amma sai ka gama digiri na shekara huɗu kafin ka fara wasu huɗun na haƙori, kuma matsakaicin bashin da masu bashi ke fitowa da shi ya kusa dala dubu 300, mai ruwa. Baƙo ba ya samun rancen gwamnatinsu, kuma ba a ba shi takardar neman biza sai ya nuna kuɗin a asusu. Ga gida irin namu wannan ba zaɓi ba ne a matakin farko.

Abin da ya rage shi ne yaron da bai sami gurbi bana ba, kuma yawanci daga nan ne maganar sayar da fili ke tasowa. An ga maki bai kai ba, zuciya ta ɗau zafi, ga ɗan maƙwabta ya tafi Alƙahira. Ni shawarata a ba shekara guda haƙƙinta. Kuɗin sake JAMB da darasi mai kyau na wata shida, ko na shekara guda a IJMB don a shiga aji biyu kai tsaye, bai kai ko kusa da kuɗin zango ɗaya a waje ba. A kuma yi dabara wajen cike fom: a zaɓi jami'ar da jihar yaro ke cikin yankinta a matsayin zaɓi na farko, domin a nan yake da ƙofa uku maimakon ɗaya ko biyu. A nemi tallafin hukumar ba da tallafin karatu ta jiha da ta tarayya da zarar an shiga, da na kamfanonin da ke ba ɗaliban da suka yi fice bayan shekarar farko. Waɗannan ma yawancinsu maki suke bi, ba talauci ba, amma suna rage nauyi. Idan an gwada sau biyu abin bai yiwu ba, akwai karatun jinyar haƙori da na ƙera haƙoran roba a kwalejojin kimiyyar lafiya, wanda ya fi gajarta da sauƙin kuɗi, kuma aikinsa yana ci. Sai dai a gaya wa yaro gaskiya cewa wannan ba likita ba ne, sana'a ce mai zaman kanta da iyakarta, kada ya shiga da tunanin daga baya za a juya masa ita ta zama digirin likita.

Dalilin da ya sa na damu da kada 'ya'yan marasa ƙarfi su janye tun kafin su gwada shi ne, su ne suka fi yiwuwar zama a cikinmu. Likitocin haƙori a Najeriya 'yan dubbai ne ga mutane sama da miliyan 200, yawancinsu a Legas da Abuja da manyan birane, wasu kuma suna ta ficewa. A Sakkwato akwai asibiti guda da aka keɓe tun 1999 don cutar noma, wadda ke cinye baki da fuskar yaran da yunwa ta raunana, cutar da ke farawa daga kumburin dasashi wanda da an gani da wuri da magani mai araha ya tsayar da shi. Yarinyar da ta taso a unguwar da ake kai ciwon haƙori wurin mai cirewa a bakin kasuwa ta san wannan ba daga littafi ba.

Da muka gama lissafin, yayata ta yi shiru, sannan ta ce, to idan an sake jarrabawar ba ta samu ba fa? Na ce mata a lokacin filin yana nan, mu sake zama. Yarinyar ta koma darasi a makon da ya wuce, Fiziks ne ya ja ta ƙasa a jarrabawar da ta wuce, shi aka sa a gaba.